Kaskon Inna da barcin jariri

Ummu Hanif: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema, kuma kar a ce ƙarar uwata na kawo. Yau kwanana 19 da haihuwa, ina wankan gida. Tunda sanyin nan ya sauko, kullum bayan isha'i sai Inna ta ciko kasko da garwashi ta dire mana a tsakar ɗaki, ta rufe taga, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, wai kar iska ta shigi yaro. Sannan ruf da ciki take kwantar da shi, ta lafta masa bargo biyu. Kwana uku ke nan ina tashi da asuba kaina kamar zai rabe, ga jiri, jiya har amai na yi. Ta ce jego ne kawai. A asibiti kuwa ranar da aka sallame mu cewa aka yi a rigingine zan riƙa kwantar da shi. Maganar wa zan ɗauka?

Maman Sadiq: Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya mana. Bari Sista ta leƙo, wannan nata ne.

Hajiya Babba: Oh ni, yaran zamani. Ɗan fari ne fa, amma ga sunansa kin liƙa a goshin waya kowa na karantawa. Mu har yau ban taɓa kiran sunan nawa ba, ga shi da furfura. To ki bi uwarki, ita ta haife ki ta raine ki, ba ta kashe ki ba sai jikanta za ta kashe?

Sista Rabi: Ummu Hanif, kaskon yana ɗakin yanzu haka?

Ummu Hanif: Yana nan Anti, bai fi rabin awa da kawowa ba.

Sista Rabi: Ajiye wayar ki fitar da shi tsakar gida, ki buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa. Sai ki dawo mu yi magana. Ki duba yaron kuma: yana farkawa ya kama nono kamar yadda ya saba, ko sai kin yi ta girgiza shi?

Ummu Hanif: Na fitar. Inna tana sallah ba ta gani ba tukuna. Yana sha Anti, yanzu ma ya saki.

Sista Rabi: Alhamdu lillahi. To ku saurara, don ba ita kaɗai ba ce, duk hunturu sai mun karɓi irin wannan a wajen aiki. Gawayi idan yana ci yana fitar da wata iska mai guba, sunanta kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye. Abin da ke ruɗin mutane shi ne a ce ai an bari hayaƙin ya gama fita a waje, garwashi ya yi ja zur sannan aka shigo da shi. Jan garwashin nan da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da ita. Idan ta shiga huhu tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Daga nan barci mai nauyi. Wanda ke barci da ma ba ya jin ko ɗaya daga ciki, wucewa kawai yake yi. Jariri kuwa ya fi babba saurin numfashi, ya fi shaƙa, kuma ba shi da bakin cewa kaina na ciwo.

Amma ban ce lallai kaskon ne kaɗai ba. Ciwon kai mai tsanani ga mai jego yana iya zama hawan jini, kuma yana iya tasowa har makonni 6 bayan haihuwa, shi ne ke kai wa ga jijjiga. Gobe da safe ki je a auna ki, ki tafi da yaron a duba shi. Idan cikin daren nan kin ga dishi-dishi, ko ciwon ya ƙaru, ko yaron ya ƙi farkawa, kar a jira gari ya waye.

Hajiya Babba: Sista ina ganin girmanki, amma tara na haifa, duk da kasko na yi jegonsu, har gadon ƙasa aka hura mini wuta a ƙarƙashi a na fari. Ga su nan ras. Sanyi kuma yana kashe jariri, wannan da idona na gani, ba a littafi ba.

Sista Rabi: Hajiya gaskiya kika faɗa, sanyi na kashe jariri, musamman bakwaini da ƙaramin haihuwa. Shi ya sa ma yanzu muke cewa kar a yi wa jariri wanka sai ya kwana ɗaya a duniya, a goge shi a ɗora a ƙirjin uwarsa. Ba ɗumin nake faɗa da shi ba, hanyar samo shi ce matsalar.

Maman Ikram Jos: Hajiya don Allah wane irin ɗaki kika yi jegon a ciki?

Hajiya Babba: Soron ƙasa mana, rufin azara. Asabari ne a ƙofa.

Maman Ikram Jos: To kin gani. Ɗakin da asabari ne ƙofarsa ko an so ko ba a so iska tana shige da fice. Namu na yanzu fa? Bulo da siminti, sili a sama, tagar gilashi mai zugewa, ƙofar ƙarfe, sannan a bi ƙasanta da tsumma. Tulu ne aka toshe bakinsa. Kaskon bai canza ba Hajiya, ɗakin ne ya canza.

Ni ba labari aka ba ni ba. Mu nan Jos kun san sanyinmu, wani daren sai ya sauka ƙasa da digiri 10. Shekarar da na haifi ta biyu, maigidan ya shigo da janareto cikin barandar da ke tsakanin ɗakuna saboda ɓarayi, ya ja ƙofar waje ya kulle. Ƙarfe ɗaya na dare kukan yarinya ya tashe ni, wani irin kuka siriri kamar na mage. Na yunƙura zan tashi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Da rarrafe na kai ƙofa, sakatar nan da nake zarewa da yatsa ɗaya sai da na sa hannu biyu. Maigidan ina jijjiga shi yana buɗe ido yana mayarwa. Maƙwabta ne suka fito da mu, muka kwana biyu ana sa mana iskar oksijin. Da man janareton bai ƙare da kansa ba, da yanzu wani labarin ake. Kuma wallahi ban ji warin komai ba, da yake mun saba da ƙaurinsa tun magariba.

Maman Sadiq: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba. Mu ma a baranda muke kunnawa fa.

Sista Rabi: A fitar da shi fili Maman Sadiq, nesa da taga, bakin salansar ya kalli waje. Gubar ɗaya ce da ta gawayi. Haka risho ko gas da wasu ke kunnawa a ɗaki don ɗumi.

Ummu Hanif: Inna ta idar, ta ga kaskon a waje. Ta ce wato 'yan waya sun fi ta sanin jego. Ta shige ɗakinta ba ta ko karɓi sai da safena ba. Wallahi duk jikina ya yi sanyi.

Malama Hauwa: Ki yi haƙuri ƙanwata, kar ki je mata da "an ce a waya" ko "likita ya ce", nan ne za ta ji an raina ta. Ki je mata da abin da ta riga ta yarda da shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida idan za a yi barci. Akwai ma gidan da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba shi labari ya ce wutar nan abokiyar gabarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Kuma ba ke za ki faɗa mata ba. Ki samu Baba da asuba idan ya dawo masallaci ki yi masa bayani, shi ya san yadda zai yi da matarsa.

Hajiya Babba: Wannan kam Malama ba ni da ja. Mun sha ji a wajen karatu, amma wallahi ban taɓa kawo kaskon jego a ciki ba, tunanina fitila da murhu ake nufi.

Ummu Hanif: To idan babu kaskon da me zan ɗumama shi?

Sista Rabi: Da kaya da jikinki. Duba abin da ke jikinki ke da kike jin daidai, ki ƙara masa ɗaya a kai: 'yar shimi, riga mai dogon hannu, wando mai rufe ƙafa, safa. Idan za ki lulluɓa, mayafi marar nauyi, ya tsaya a ƙirji, hannuwa a waje, ki cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa yadda ba zai hau fuska ba. Kar ki auna da tafin hannunsa ko ƙafa, su kullum da ɗan sanyinsu. Sa hannunki a ƙirjinsa ko bayan wuya. Ɗumi, lafiya. Gumi, rage kaya. Zafin da ya yi yawa shi ma yana cikin abubuwan da ke jawo mutuwar jarirai cikin barci, bargo biyun nan ya yi yawa.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa inda ban gane ba maganar rigingine. Yaro ya sha nono ya ƙoshi, ki kwantar da shi yana kallon sama, ya yi tumbuɗi, ba ƙwarewa zai yi ba? Ni nawa duk ruf da ciki na yi musu, sun fi daɗewa suna barci, ba sa firgita, cibiya ma ta fi kwanciya.

Maman Sadiq: Kuma ƙeya tana bajewa. Ɗan yayata kansa kamar an goge da dutsen guga.

Ummu Zara Birmingham: Nan Ingila tun kafin ki bar asibiti za a karanta miki wannan, kuma ungozoma za ta biyo ki har gida ta ga inda yaro ke kwana. Su ma da ruf da ciki suke yi, likitocinsu ne ma suka koya musu. Sai aka lura yara lafiyayyu na mutuwa cikin barci ba ciwon fari ba na baya. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta ba da shawarar daina kifa jarirai a 1992, aka fara gangamin wayar da kai a 1994, cikin kusan shekara goma irin wannan mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Ba allura ba, ba magani ba, juya yaro kawai aka yi.

Maman 'Yan Biyu: Wannan ai ciwon Turawa ne. Ni ban taɓa jin an ce ga wanda ya mutu don an kifa shi ba.

Sista Rabi: Kin taɓa jin an ce "lafiya lau muka kwanta, da asuba na ɗauko shi zan ba shi nono na ji shi sanƙame"?

Maman 'Yan Biyu: Wannan kam na ji. Har a danginmu.

Sista Rabi: To shi ne. Mu ba ma bincike, kafin azahar an kai shi makwancinsa, wani ya ce iska ce, wani ya ce mayu, wani ya ce uwar ce ta danne shi, ta ƙare rayuwarta da wannan tabon. Ya fi faruwa tsakanin wata 2 zuwa 4, kuma mafi yawansa kafin wata 6. Wannan nauyin barcin da kike yabo shi ne abin tsoron. Jaririn da aka kifa yana nutsewa cikin barci, hancinsa na cikin katifa yana sake shaƙar iskar da ya fitar, wuyansa bai yi ƙwarin da zai ɗaga kai ba, kuma bai farka ya yi kuka ba. Firgitar nan da yake yi a rigingine ita ce mai gadinsa.

Maganar tumbuɗi kuma, taɓa wuyanki. Hanyar iska ce a gaba, ta abinci tana bayanta. Idan yana rigingine ta iska ce a sama, abin da ya taso daga ciki sai ya koma ta ƙasa ya haɗiye, ko ya juya kai ya zubar. Idan kin kifa shi kin juya tsarin, nonon yana taruwa a bakin hanyar iska. Kwanciyar gefe ma ba ma so, mirginawa yake ya kifu. Ranar da ya fara juyawa da kansa gaba da baya, ki kwantar da shi a rigingine, in ya juya ki ƙyale shi. Cibiya kuwa ba ruwanta da kifawa.

Ƙeya: idan idonsa biyu kina zaune kusa, ki kifa shi ya yi wasa na 'yan mintuna, wuya ma ya yi ƙwari. Mu da muke da goyo ma ai mun huta, yaron da ke yini a baya yaushe ƙeyarsa ta ga katifa?

Ummu Zara Birmingham: Kuma gadonsa daban, a ɗakin uwarsa har wata 6 aƙalla. Ba filo, ba 'yar tsana, ba komai a ciki.

Maman Nana Damagaram: Hajiya ta Ingila a yi mana afuwa. Ɗaki guda gare ni, katifa guda, sange guda, yara uku. Ina zan kai gadon jariri? In na raba shi da jikina sauro ya cinye shi, ga sanyi, ga tashi ba da nono sau biyar. Ku faɗi abin da talaka zai iya.

Maman Ikram Jos: Sange shi ne gidan sauro, don na ga wasu za su tambaya.

Sista Rabi: Kin yi gaskiya Maman Nana, kuma kar ki fitar da shi daga gidan sauro saboda maganata, zazzaɓin cizon sauro ya fi kusa da mu. Shimfiɗarsa daban kusa da ke ita ta fi aminci, ko 'yar katifa ce mai tauri a gefen taki a cikin sange ɗaya. In ba hali, to a rage haɗarin. Ya kwanta a gefenki ke kaɗai, ba tsakaninki da babansa ba, kuma yayyensa su koma can bayanki, don yaro ɗan shekara uku in ya yi juyi bai san ya hau kan kowa ba. Filonki da bargonki su yi nesa da fuskarsa. Katifar da ta lotsa a tsakiya tana gangaro da shi ƙarƙashinki, gara tabarma da shimfiɗa a kanta. A duba ramin da ke tsakanin katifa da bango. A cusa gidan sauron da kyau kar ya yi lilo a fuskarsa. Ranar da kika sha maganin mura mai sa barci, ko gidan da ake shan taba, ko yaron bakwaini ne, to lallai a raba shimfiɗa. Mafi muni duka shi ne barci ya sace ki a kan kujerar falo da shi a ƙirji.

Hajiya Babba: Ki ƙara da waya. Mu da muna jin motsin ɗa ko numfashinsa ne ya canza. Ku kuwa ku kai ƙarfe biyu kuna latse-latse, in barci ya kwashe ku ko ganga aka buga ba ku ji. Ga shi yanzu ma sha biyu ta wuce duk kuna nan.

Maman Sadiq: Hajiya ke ma ai kina nan.

Hajiya Babba: Ni na gama raino, jikoki nake jira a kawo mini.

Maman Nana Damagaram: Tunda ana maganar jego, a tuna da wanda aka yi wa ƙane. Kowa hankalinsa na kan jariri, shi kuma yana yawo a tsakar gida, ga tukunyar ruwan wanka tana tafasa a murhu safe da yamma har kwana arba'in. Nawa yana da shekara biyu, an sauke ruwan an juye a baho da ganyen darbejiya, mai yi mini wankan ta juya ɗauko zani kawai. Hannu ya tsoma har gwiwa yana son kamo ganyen. Kafin in fito an fasa masa ɗanyen ƙwai an shafa man goge baki. A likita sai da suka kankare duka yana ihu, suka yi mana faɗa sosai.

Sista Rabi: Allah sarki. Ƙuna ruwa take so, ruwan sanyi na famfo ko randa, a yi ta kwarara minti 20, ban da ƙanƙara, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Ba ƙwai, ba manja, ba gishiri. Kuma bahon nan ko ya huce haɗari ne. Mai rarrafe nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya fitowa, ba kuma za ki ji ƙara ba. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ma ya isa ya halaka shi. An gama wanki a kifar, rijiya a yi mata murfi mai kwaɗo.

Maman 'Yan Biyu: Manja dai ba na shan guba ba ne? Hassan ɗina ya taɓa kurɓar kalanzir a robar lemo, manja muka ɗura masa ya amayar.

Sista Rabi: Allah ne ya tsare shi. Kalanzir a ciki bai kai haɗarin kalanzir a huhu ba, kuma wajen aman ne yake tsallakawa huhun. Kar a sa shi amai, kar a ɗura komai, a cire rigar da ta jiƙe a kai shi asibiti da robar a hannu. Laifin ma na robar lemon ne, shi abin sha ya gani. Haka fiya-fiya da ake zubawa a kwalbar turare a tura ƙarƙashin gado. Ko Sniper da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta hana sayar da shi barkatai a kasuwa tun 2019, maganin ƙwarin gona ne, amma har yau ana yayyafa shi a ɗakin da jariri zai kwana.

Maman Sadiq: Jama'a mun baro Ummu Hanif a baya fa. Kina nan?

Maman Sadiq: Shiru. Ta yi barci ke nan.

Ummu Hanif: Ina kwananku. Ku gafarce ni, barci ne ya ɗauke ni, rabon da in yi irinsa tun kafin suna. Na tashi kaina wasai. Na yi yadda Malama ta ce, na tari Baba a zaure da ya dawo masallaci. Bai ce komai ba, sai da ana karyawa ya ɗauko hadisin kamar da ma shi ya tuno. Inna ta ce ita da ma don jikanta take yi, in ya sha sanyi ba ruwanta. Amma da na fito wanka na tarar ta ciro wasu kayan sanyi na saƙa daga ƙasan adakarta, wai nawa ne na jarirai, ta shanya a rana. Mun je an auna ni, jinin ya ɗan hau kaɗan, an ce in bar kunun kanwa in dawo bayan kwana uku. Yaron lafiya lau.

Malama Hauwa: Masha Allah. Allah ya saka wa Baba da alheri.

Hajiya Babba: Kunun kanwar ma an soke? To me ya rage a jegon?

Sista Rabi: Naman da romon Hajiya, waɗannan ban taɓa su ba. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kan ciwon zuciyar masu jego da alaƙarsa da kanwa da gashin gado tun shekarun 1970.

Ummu Hanif: Saura kifawar. Na kwantar da shi a rigingine na shiga banɗaki, na dawo na tarar ta juya shi. Na mayar, ta ce ai ni ma haka ta yi mini. Baba ya ce shi wannan ba shi da hadisinta.

Sista Rabi: Ranar da za ki koma awo ki ce ta raka ki ta riƙe miki yaron. Ki faɗa wa ma'aikaciyar tun a ƙofa, ta yi bayanin a gabanta, da Inna za ta yi maganar ba da ke ba. Kafin nan, dare naki ne tunda a gefenki yake kwana. Da rana in ta kifa shi, ki zauna a wajen, barci na ɗaukarsa ki juya shi.

Ummu Hanif: To Anti. Ga ta nan ma a kaina, ta ce a tambayi malamar asibitin, hular fa, ita ma cirewa za a yi?

Ummu Zara Birmingham: Mu nan cewa ake a cire in ana cikin ɗaki, amma gidajenmu da na'urar ɗumama ɗaki.

Sista Rabi: Ki gaishe ta da kyau, ki ce ina yi mata barka da jika. A ɗakin da ba wuta, cikin sanyin nan, ɗan kwana 20 a bar masa hularsa. Ta zama daidai kansa yadda ba za ta zamo ta rufe hanci ba, kuma marar igiya. In bayan wuyansa ya yi gumi a cire.

Ummu Hanif: Ta ce tana amsawa. Wai ta saƙar da ta ciro mai igiya ce, bari ta nemo almakashi.